Maganar Resberatirol da Matan da Haila ke Yi wa Nisa

Duk wanda ya san Tudun Wadan Zariya ya san cewa tun zamanin da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yake zaune a cikinta, kafin a tashe shi zuwa Shika a 2005, unguwar ta zama matattarar masu neman lafiya, har ya zamana ko bayan tashin asibitin, shagunan magani da ɗakunan gwajin jini da na hoton ciki ba su watse ba. Daga cikin masu kai da kawowa a tsakanin waɗannan wurare akwai wasu mata da ba a cika jin muryarsu ba, domin abin da ke damunsu yana cikin abubuwan da kunya ke hana faɗi: mace ce za ta yi wata biyu, wata uku, wani zubin har rabin shekara ba ta ga al'adarta ba, alhali kuwa ba ciki gare ta ba, ga gashi ya soma tsiro mata a haɓa, ga ƙuraje a fuska bayan ta wuce shekarunsu, ga jiki yana ta ƙara nauyi, sa'an nan ga dangin miji sun zuba ido suna lissafin shekarun aure. A 'yan shekarun nan kuma sai ga wani sabon suna ya shigo musu ta wayoyin hannu, wai shi resberatirol, ana tallarsa cikin kwalabe masu hoton inabi, ana cewa masana a Turai sun jarraba shi sun ga yana gyara wannan lalura. Maganar jarrabawar gaskiya ce, an yi ta, za mu kuwa kawo ta dalla-dalla. Amma tsakanin abin da masanan suka auna da abin da mai talla yake alkawartawa akwai rata mai faɗi, kuma a cikin wannan ratar ne kuɗin mata da lokacinsu, har ma da cikin da suke nema, ke iya salwanta.

Likitoci suna kiran lalurar da haruffa huɗu, PCOS, mu kuwa a nan za mu ce mata lalurar tarin ƙwai. Bayaninta shi ne, Allah cikin hikimarsa ya sanya wa mace ma'ajiyar ƙwai biyu, ɗaya a dama da mahaifa ɗaya a hagu, kuma a kowane wata wasu 'yan jakunkuna masu ruwa, kowacce da ƙwai guda a cikinta, sukan fara girma tare, sai ɗaya ta tsere wa sauran, ta nuna, ta fashe ta saki ƙwanta. In ya gamu da maniyyi ciki ya shiga, in bai gamu ba, bayan kamar mako biyu haila ta sauko. A wurin mai wannan lalura jakunkunan sukan taso da yawa, amma babu wadda ke kaiwa ga nuna, sai su tsaya ƙanana, ba su kai milimita 10 ba, su jeru a gefen ma'ajiyar kamar 'ya'yan carbi, yadda mai ɗaukar hoton ciki zai gan su a allonsa. Saboda haka matar da aka ce mata an ga wani abu a ƙwanta ta kwantar da hankalinta: waɗannan ba ƙari ba ne, ba kuma abin da ake yankewa a fitar ba ne, ƙwai ne da suka fara tafiya suka tsaya a hanya, kuma tun da ƙwai bai fita ba, haila ma ba ta da abin da za ta biyo.

Abin da ke tsayar da su kuwa, galibi, abu biyu ne da suka sarƙe da juna. Na farko, kowace mace tana da ɗan kaɗan na sinadarin maza a jininta, wanda ake kira testosteron, amma a wannan lalura ma'ajiyar ƙwai takan yi shi fiye da kima, shi ne mai kawo gashin haɓa da ƙurajen fuska da zubewar gashin kai. Na biyu shi ne insulin, wato sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka, wanda wata gaɓa da ke bayan tumbi, mai suna fankiriyas, take fitarwa. Jikin da yawa daga cikin waɗannan mata yakan yi taurin kai ga insulin, sai gaɓar ta riƙa ninka shi domin aikin ya yiwu, shi kuma yawan nasa ya riƙa zuga ma'ajiyar ƙwai ta ƙara yin sinadarin maza. Alamar wannan sau da yawa tana bayyana a bayan wuya da hammata, fata ta yi duhu ta yi kauri, har a zaci dauɗa ce a yi ta dirza. Ƙiba tana tsananta al'amarin, ko da yake siraran mata ma suna samunsa, kuma yana bin jini a cikin dangi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen mace ɗaya cikin goma na masu shekarun haihuwa tana da lalurar, kuma har kashi 70 cikin 100 nasu ba a taɓa gaya musu sunan abin da ke damunsu ba.

A ƙasarmu, kafin wannan mas'ala ta isa gaban likita, ta riga ta biya ta wurin malamai da tsofaffin gida. Takan isa wurin malamai ne ta ƙofar tsarki, domin macen da ta yi watanni ba ta ga jini ba, ranar da ya zo yakan zo da yawa ya ƙi ɗaukewa, sai ta rasa yadda za ta yi da salla da azumi. Malamanmu na Malikiyya kuwa sun iyakance mafi tsawon haila da kwana 15, abin da ya haura haka jinin istihala ne, kamar yadda suka yi tanadin idda ta shekara guda ga wadda hailarta ta ɗauke ba tare da sanannen dalili ba. Wannan yana nuna cewa lalurar ba baƙuwa ba ce, fuƙaha'u sun san da irin waɗannan mata tun ƙarnuka da suka shuɗe, sun kuma tausaya musu a hukunci. Su kuwa tsofaffi, wasu za su ce sanyi ne, a yi ta ɗirka wa yarinya jiƙo da kafso ba gaira ba dalili. Wasu za su ce ciki ne ya kwanta, a bar shi zai tashi. Ba huruminmu ba ne mu shiga fatawa, amma abin da ya shafi jiki ya zama dole a faɗe shi: a yau gwajin fitsari da hoton ciki suna raba gardamar ciki ko ba ciki ba a zama guda, kuma barin mahaifa ta wuce kwana 90 ba ta zubar da shimfiɗarta ba yana da haɗari, domin shimfiɗar takan yi ta kauri shekara da shekaru, har a wurin wasu ta rikiɗe ta zama sankara.

A fagen likitancin zamani, wasu likitoci biyu na birnin Shikago ta Amurka, Irving Stein da Michael Leventhal, su ne suka fara tattara alamomin wuri guda a 1935, bisa mata bakwai da suka duba. Sun yi musu aiki, suka yanke wani ɓangare na ma'ajiyar ƙwai, sai ga al'ada ta dawo, wasu har suka sami ciki. Wannan fiɗa ta bazu a duniya aka yi ta yinta shekaru da dama, kafin a gane cewa tabon da take bari a cikin mara yana iya manne bututun mahaifa, ya haifar da wani rashin haihuwar dabam. Mai karatu ya riƙe wannan tarihi, domin a kan mata bakwai aka gina shi.

Ƙa'idar da likitoci ke bi yanzu an yi ittifaƙi a kanta ne a birnin Rotadam na ƙasar Holan a 2003, cewa sai an sami biyu daga cikin sharuɗɗa uku: rikicewar haila, kamar ta riƙa wuce kwana 35 ko ta kasa zuwa sau takwas a shekara, alamar yawan sinadarin maza a jiki ko a gwajin jini, da ganin tarin jakunkunan nan a hoto. Kuma ba a yanke hukunci sai an kore wasu cututtuka masu kama da ita, irin su ciwon gaɓar wuya mai kawo maƙoƙo, da hauhawar sinadarin da ke kawo ruwan nono. Muna jaddada wannan ne saboda wata ɗabi'a da ta yi yawa, ta mace ta je ta yi hoto da kanta, a rubuta mata haruffan nan huɗu a takarda, ta dawo gida tana kuka ta ɗauka ta zama juya. Hoto shi kaɗai ba hujja ba ne, domin mata da yawa masu cikakkiyar lafiya ana ganin haka a ma'ajiyarsu, balle 'yan mata, waɗanda ba a ma dogara da hoto a kansu sai sun shekara takwas da fara al'ada.

To, shi resberatirol mene ne asalinsa? Sinadari ne da wasu tsirrai ke yi domin kare kansu idan fumfuna ta kama su ko suka ji rauni. Wani masani ɗan ƙasar Japan, Michio Takaoka, shi ya fara tace shi daga saiwar wani tsiro a 1939, daga baya aka same shi da yawa a saiwar wani tsiron da Japanawa ke kira itadori, aka kuma same shi a ɓawon inabi da cikin gyaɗa. Ya shafe shekaru fiye da 50 ba wanda ya damu da shi in ban da masana tsirrai, sai a 1992, sa'ad da wasu masu bincike na Faransa, Serge Renaud da Michel de Lorgeril, suka wallafa ra'ayin cewa ƙarancin ciwon zuciya a tsakanin Faransawa, duk da yawan cin kitse da suke yi, yana da alaƙa da jar giyar inabi da suke sha, a shekarar kuma aka nuna cewa akwai resberatirol a cikin giyar. Musulmi ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin malamai sun daɗe da yanke cewa ba a magani da giya; ko ta fuskar lissafi ma, abin da ke cikin lita guda 'yan miligiram ne ƙalilan. Wanda ake sayarwa a kafso kuwa galibi daga saiwar itadori ake tace shi, ko a harhaɗa shi a masana'anta, babu maye a cikinsa. Ashe ke nan tambayar da ke gabanmu ta amfani da cutarwa ce.

Sunansa ya cika duniya ne a 2003, lokacin da David Sinclair na Jami'ar Habad da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa yana tsawaita rayuwar ƙwayoyin yis, kana a 2006 suka nuna ya kyautata lafiyar ɓerayen da aka ƙosa da abinci mai maiƙo. Jaridu suka yi ta shelar an gano maganin tsufa, har kamfanin magani na GlaxoSmithKline ya sayi ɗan kamfanin Sirtris, wanda aka kafa a kan wannan bincike, a kan dala miliyan 720 a 2008. Ba a yi nisa ba, a 2010, aka tsayar da gwajinsa a kan masu wata sankarar ɓargo bayan wasunsu sun sami matsalar ƙoda, a 2013 kuma aka rufe ofishin Sirtris ɗin. Ɗaya daga cikin illolin da suka dabaibaye sinadarin tun farko ita ce wadda Thomas Walle ya bayyana a 2004: hanji yana tsotse mafi yawan abin da aka haɗiya, amma shi da hanta suna sauya masa kama nan da nan, ta yadda abin da ke yawo a jini da siffarsa ta asali ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Abin da ya yi aiki a kwanon gwaji, inda ake zuba shi kai tsaye a kan ƙwayoyin halitta, ba lalle ne ya isa inda ake so a jikin ɗan Adam ba.

Duk da haka, masu binciken haihuwa suna da dalili mai ƙarfi na waiwayarsa. Antoni Duleba, wanda a lokacin yake Jami'ar Kalifoniya, da almajiransa sun ga cewa idan aka zuba shi a kan ƙwayoyin da ke yin sinadarin maza a ma'ajiyar ƙwan ɓera, yakan rage musu yaɗuwa ya kuma rage abin da suke fitarwa. Daga nan ne ya haɗa kai da Beata Banaszewska da sauran likitocin jami'ar likitanci ta birnin Poznan a ƙasar Polan, suka tsara gwaji a kan mata, aka wallafa sakamakonsa a 2016. Mata 34 aka ɗauka, 30 suka kai ƙarshe. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ba wa kashi ɗaya miligiram 1,500 na resberatirol kullum har wata uku, ɗaya kashin aka ba su kafso mai kama da shi wanda babu magani a ciki, kuma da matan da likitocin babu wanda ya san wadda ke shan na gaske sai da aka gama. Da aka buɗe lissafi, sai aka tarar testosteron ya sauka da kashi 23 cikin 100 a wurin masu shan na gaske, alhali a wurin sauran ɗan hawa ma ya yi. Wani sinadarin mazan da ke fitowa daga gaɓar saman ƙoda ya sauka da kashi 22. Insulin na safiya kafin a ci abinci ya sauka da kusan kashi 32. Kitsen jini da sinadaran ƙwaƙwalwa masu ba ma'ajiyar ƙwai umarni kuwa ba su canja ba. Tsarin gwajin ingantacce ne, kuma ba mu da wani dalili na tuhumar amanar masu shi.

Sai dai adalci ya wajabta a dubi abin da aka sa a mizani. Sinadaran jini aka auna. Ba a shirya gwajin domin a ƙirga matan da suka yi ciki ba, balle waɗanda suka rungumi jariri, alhali kuwa wannan ita ce tambayar da matar Tudun Wada ta fito da ita daga gida. Da aka sake jarrabawa a ƙasar Iran, shaidun ba su yi muwafaƙa ba. A wani gwaji da aka wallafa a 2021, na mata 78 da aka ba wa rabinsu miligiram 1,000 kullum har wata uku, al'ada ta ɗan daidaita zubar gashi kuma ta ragu, amma sinadarin maza da insulin, waɗanda su ne abin alfaharin gwajin Polan, ba su nuna wani bambanci ba. A wani kuma na 2019, a kan mata 61 da ake shirin haɗa musu ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, ƙwan da aka samu ya fi kyau a ido, amma yawan masu ɗaukar ciki bai bambanta ba. Ga wanda yake son ya san nauyin adadi a irin wannan ilmi, ba sai ya je nesa ba: a nan Zariya ne Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka bi diddigin haihuwa 22,774 a jere daga 1976 zuwa 1979, kuma saboda yawan nan ne duniya ta karɓi abin da suka faɗa a 1985 game da haɗarin haihuwar ƙuruciya da fa'idar awon ciki da ilmin mata. Gwajin mata 30 ko 78 iyakarsa ya ba da zato mai kyau, ya buɗe ƙofar bincike. Bai kai matsayin yaƙinin da za a ce wa jama'a su fitar da kuɗinsu a kansa ba. Ko a cikin waɗannan 'yan gwaje-gwajen da muka ambata ma, babu wanda aka yi a kan matan ƙasarmu, masu cimarsu da yanayinsu dabam.

Akwai kuma abin da ya fi rashin tabbas muni, wanda masu talla ba su taɓa ambata. A 2019 wasu likitoci a birnin Tokiyo, Asako Ochiai da Keiji Kuroda da abokansu, suka waiwayi bayanan matan da aka yi wa dashen ɗan tayi a mahaifa, suka ga cewa waɗanda ke shan miligiram 200 na resberatirol kullum ba fashi sun fi ƙarancin ɗaukar ciki, sun kuma fi yawan ɓari; a ɗakin gwaji ma suka ga sinadarin yana hana shimfiɗar mahaifa yin canjin da take yi domin karɓar ɗan tayi. Gaskiya ne wannan bincike waiwaye ne, ba a raba matan da ƙuri'a ba, kuma la'alla masu shan sinadarin dama su ne waɗanda matsalarsu ta fi tsanani. Amma gargaɗi ne da mai hankali ba zai yi watsi da shi ba. Kafin wannan, a 2014, masana a jihar Oregon ta Amurka sun ciyar da birai masu ciki da shi, suka ga wasu fa'idoji a mabiyiya da hantar 'ya'yan, amma suka tarar fankiriyas ɗin 'ya'yan ya girma fiye da ƙa'ida da kashi 42 cikin 100, har suka ja kunnen mata masu ciki da kada su sha. Yanzu a haɗa wannan da halin matar da muke magana a kanta. Mace mai daidaitacciyar al'ada, da ta ga wata ya wuce za ta yi zargin ciki ta ajiye kwalba. Ita kuwa wannan baiwar Allah ta saba da wata uku babu jini, saboda haka ranar da Allah ya nufe ta da cikin da ta yi shekaru tana roƙo, za ta iya ci gaba da haɗiyar kafson makonni da yawa ba ta sani ba, a daidai lokacin da ake halittar gaɓoɓin ɗan. A ganinmu wannan kaɗai ya isa ya sa mai neman haihuwa ta nisanci abin, sai fa in a ƙarƙashin binciken likitoci ne.

Mas'alar adadi ma ba ƙarama ba ce. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai, a 2016, miligiram 150 a rana ta amince da shi ga manya, wato kashi ɗaya cikin goma na abin da aka ba matan Polan. Daga giram biyu da rabi zuwa sama kuwa yakan kawo tashin zuciya da zawo, kuma akwai fargabar ya ƙara wa magungunan tsinka jini irin su wafarin ƙarfi. Lambar hukumar NAFDAC da ke jikin irin waɗannan kwalabe ba shaida ce ta cewa an tabbatar suna warkarwa ba, shi ya sa mai lura zai ga an rubuta a jikin da yawansu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Wani zai ce, to ai mu Allah ya hore mana abin a gona: ga gyaɗa, wadda cibiyar binciken noma ta Samaru ta daɗe tana fitar da irinta, ga kuma inabin da manoman Hunkuyi da sauran ƙasar Kudan suke nomawa har ya yi suna a Nijeriya. Haka ne, kuma dafaffiyar gyaɗa ta fi soyayya yawan sinadarin nesa ba kusa ba; amma kilo guda nata bai kai miligiram 10 ba, wanda ke nufin mai son cim ma adadin gwajin Polan sai ta ci abin da ya haura kilo 150 a wuni. A ci gyaɗa a sha inabi don abinci ne masu albarka, a kuma kiyayi gyaɗar da ta yi fumfuna, domin dafin da ke cikinta yana lalata hanta.

Abin da ya fi ɓata rai a cikin wannan al'amari shi ne, lalurar tana da magunguna mujarrabai, masu sauƙin kuɗi idan aka gwada da kwalaben da ake kawowa daga waje. Jagorar da ƙungiyoyin likitocin duniya suka fitar a 2018 suka sabunta a 2023, ƙarƙashin Farfesa Helena Teede ta Jami'ar Monash a Ostareliya, ba ta lissafa resberatirol cikin abin da ake ba marasa lafiya ba. Ga mai neman ciki, letirozol ta sa a gaba, kuma hujjarta irin wadda muke nema ce: a gwajin da Richard Legro ya jagoranta a Amurka, aka wallafa a 2014, an raba mata 750 tsakanin letirozol da tsohon maganin nan kulomifin, wanda aka fi sani da Clomid, aka ƙirga jariran da aka haifa da rai, sai masu letirozol suka sami kashi 27.5 cikin 100, masu kulomifin kashi 19.1. Ƙwayoyi ne na kwana biyar a wata, amma ba na saye a kemis a sha da ka ba ne, domin sai likita ya bi sawun ƙwan, gudun kada ya yi yawa ko ma'ajiyar ta kumbura. Ga taurin jiki ga insulin akwai metfomin, wanda masu ciwon sukari suka sani. Wadda ba ta neman ciki a lokacin kuwa, budurwa ce ko mai hutu, ƙwayoyin tazarar haihuwa suna daidaita mata al'ada, su rage gashi da ƙuraje, su tsare mahaifa. Tsoron da ake yi cewa suna kashe ƙwai ba shi da asali, da an daina sha jiki ke komawa yadda yake.

Tushen duk wannan kuwa shi ne cima da motsa jiki. Mace mai ƙiba in ta rage ko da kashi 5 cikin 100 na nauyinta, wato kilo huɗu ga mai kilo 80, sau da yawa al'ada kan dawo da kanta. Ba a buƙatar abincin Turawa: a rage lemon kwalba da sukarin da ake zabgawa a koko da fura da shayi, a rage tulin tuwon shinkafa da taliya, a yawaita wake da acca da zogale da rama, kuma matar da ba ta fita tana iya yin tafiyarta ta rabin sa'a a tsakar gida. A nan ya zama tilas a ambaci wata musiba da ta shiga gidajenmu, ta ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha ka fashe, waɗanda ake ba 'yan mata gab da aure don su ciko. Da yawansu deksametason ne, mai hauhawar da sukarin jini ya kuma rikita al'ada, kuma bai wa yarinyar da ke da wannan lalura a jininta irinsa zalunci ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi.

Sauran magana ta maigida ce. Galibin matan da ke da lalurar tarin ƙwai suna haihuwa, wasu da taimakon magani wasu ba da shi ba, illa dai abin yakan ɗauki lokaci, kuma a cikin wannan lokacin gori da barazanar kishiya suna ƙara wa mace baƙin cikin da lalurar kanta take jawowa. Likita na gari ba zai fara ba mace maganin fitar da ƙwai ba sai ya nemi a gwada maniyyin mijinta, domin kaso mai yawa na rashin haihuwa daga wajen maza yake, gwajin kuwa na yini guda ne. In an daɗe ana nema kuma zai duba ko bututun mahaifa a buɗe suke, tun da toshewarsu sanadiyyar cututtukan mara tana cikin manyan dalilan rashin haihuwa a Afirka. Idan Allah ya kawo rabo, awon ciki ya zama wajibi tun da wuri, saboda waɗannan mata sun fi saura fuskantar ciwon sukari na masu ciki da hawan jini, kuma akan so a yi musu gwajin shan ruwan sukari mai giram 75 tun kafin cikin ko a farkonsa, a maimaita tsakanin mako na 24 da na 28. Bayan an yi suna an watse ma lalurar tana nan a jiki, sai dai ta sauya fuska daga maganar haihuwa zuwa maganar sukari da zuciya. Don haka ake so mace ta riƙa auna sukarin jininta duk bayan shekara ɗaya zuwa uku, gwargwadon yadda likita ya ga halinta, ta auna hawan jini kowace shekara, ta kuma sa ido a kan 'ya'yanta mata idan sun kai munzali.